Ƙurar hunturu a cikin ɗaki: abin da kilim ke iya tacewa da abin da ya fi ƙarfinsa

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, duk mazaunin Damagaram, Maraɗi, Tawa ko Yamai ya san wannan aiki: a share ɗaki da safe, kafin azahar tebur ya sake yin fari fat, har yaro ya iya rubuta sunansa da yatsa a kan gilashin talabijin. Wannan ƙurar da ake gani a kan kaya ita ce mai sauƙi, tsumma ke maganinta. Wadda ido ba ya gani ita ce ke shiga ƙirji. A gidan da ake da jariri, ko tsoho mai tari, ko yaro mai ciwon asma, hunturu lokaci ne na kwana a zaune da zaryar asibiti. A irin waɗannan gidaje ne tambayar ke tasowa, sau da yawa ta waya daga ɗa ko ɗiya da ke zaune a ƙasar waje: me za a saya a aiko domin iskar ɗaki ta gyaru? Kilim ɗin da aka saka bara bai isa ba?

Amsar a taƙaice ita ce bai isa ba, kuma ba don ya lalace ba.

Babban kaso na hazon da ke rufe kudancin Nijar yana tasowa ne daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wajen Faya-Largeau. Wurin gindin wani tsohon tafki ne da ya ƙafe shekaru dubbai da suka wuce, ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari. Iska na kutsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kamar ruwa a mazurari, ta kwashi wannan gari ta yi yamma da kudu da shi. Masana na lissafa Bodele cikin wuraren da suka fi ko'ina tada ƙura a duniya, kuma wani ɓangare nata yana ƙetare teku har dajin Amazon. Abin da ya iya irin wannan tafiya, ƙasan ƙofa da gefen taga ba za su tare shi ba.

Ana auna ƙura da mikron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Kaurin silin gashin mutum yana kaiwa mikron 50 zuwa 70. Ƙwayoyin da ba su wuce mikron 10 ba ana kiransu PM10, su ke wuce hanci su sauka maƙogwaro da hanyoyin numfashi. Waɗanda ba su wuce mikron 2.5 ba, wato PM2.5, suna kaiwa can cikin huhu, wasu ma har jini. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage ma'aunin da take ba da shawara a kai: kada PM2.5 ya wuce mikrogram 15 a kowace mita kubik ta iska a matsakaicin yini guda, PM10 kuma kada ya wuce 45. Ranar da hazo ya sauka sosai har jirage suka kasa tashi, iskar garuruwan Sahel tana ninka waɗannan lambobi sau da yawa.

Ragar kilim aikinta kare inji

Kilim ɗin da ya fi yawa a gidaje shi ne mai gida biyu, ɗaya a bangon ɗaki, ɗaya a waje. Mutane da dama na zaton yana jawo iska daga waje ya tace ta. Ba haka yake aiki ba. Iskar cikin ɗakin yake zuƙa, ya bi da ita ta kan bututai masu sanyi, ya maido ta. Abin da ke haɗa gidan ciki da na waje bututun gas ne da waya, ba hanyar iska ba. Ragar roba da ake gani in an ɗaga murfinsa an saka ta ne domin ta tare gashi, zare da manyan ƙura kada su toshe bututan. PM2.5 na wuce ta kamar yadda gari ke wuce rariya.

Duk da haka ragar tana buƙatar kulawa. Littattafan da ke zuwa da na'urorin sukan ce a wanke ta duk mako biyu. A tsakiyar hunturu kowane mako ya fi. In ta toshe, iska na raguwa, inji ya daɗe yana aiki kafin ɗaki ya yi sanyi, takardar NIGELEC ta yi nauyi a ƙarshen wata. A wanke da ruwa, a shanya a inuwa, kada a maida ta da danshi.

Akwai dabarar da ke yawo a bidiyoyin intanet ta manna wani kyalle mai tace ƙura a kan ragar. Fankar da ke cikin kilim na bango ba a ƙera ta don tura iska ta cikin abu mai kauri ba. In aka danne mata hanya, bututan kan yi ƙanƙara, ruwa ya riƙa ɗiga a bango, injin waje ya wahala. Wanda ya nemi araha ta nan, mai gyara zai karɓe kuɗin.

Tsarin da ake iya saka masa matatar kirki shi ne babban kilim mai rarraba iska ta cikin silin zuwa ɗakuna, irin na otal, banki da wasu manyan gidaje. Nan ne ake maganar ma'aunin MERV na Amurka, mai hawa daga 1 zuwa 16. Matata mai MERV 8 tana kama manyan ƙura. Mai MERV 13 tana kama aƙalla rabin ƙwayoyin da ke tsakanin mikron 0.3 da 1, da mafi yawan waɗanda suka fi haka girma. Kayan da suka fito daga Turai kuma suna ɗauke da rubutun ISO 16890, inda za a ga ePM1, ePM2.5 ko ePM10 tare da kaso cikin ɗari. Amma ko a nan sai ƙwararre ya duba ƙarfin fankar kafin a hau mataki, domin matatar da ta fi tacewa ta fi danne iska.

Mai ruwa

Na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa, wadda aka fi sani da sunanta na Faransanci, humidificateur, lissafinta daban ne. Tana jawo iska ta cikin jiƙaƙƙen soso ko ciyawa, ruwan ya yi tururi, iskar ta yi sanyi. Wutar da take ci kaɗan ce, kuma a busasshen zafin Afrilu da Mayu tana aiki sosai. Jiƙaƙƙen soson yana riƙe wani abu na manyan ƙura, danshin kuma yana sauƙaƙa bushewar hanci da tsagewar leɓe. Sai dai don ta yi aiki dole iskar waje ta shigo, a kuma bar wata kafa a buɗe ta fita. Ranar hazo, kunna ta daidai yake da gayyato ƙurar zuwa cikin ɗaki. Ruwan da ya kwana kwanaki a tankinta kuma gida ne ga ƙwayoyin cuta da sauro.

HEPA ta gaskiya da mai kama da ita

Ga yawancin gidaje, hanyar da ta rage ita ce na'urar tace iska mai zaman kanta: akwati ne da fanka da matata, ana ajiye shi a ƙasa a jona da wuta, ya yi aiki tare da kilim ko ba tare da shi ba. Zuciyarsa ita ce matatar HEPA, takarda ce mai sarƙaƙƙen zare da aka nannaɗe ninki-ninki. A ma'aunin Amurka, sai ta kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyi masu mikron 0.3 kafin ta ci sunan. A ma'aunin Turai na EN 1822, ajin H13 yana kama kashi 99.95, H14 kuma 99.995. Kwalin da aka rubuta masa cewa matatar “irin ta HEPA” ce, ba lamba ba aji, bai yi wa mai saye alkawarin komai ba.

Amma kyan matata kaɗai ba ya gyara ɗaki. Ƙaramar na'ura mai matata H14 da fanka mara ƙarfi, kamar ɗiban ruwan rijiya ne da ludayi. Lambar da ya kamata a nema ita ce CADR, wadda ke nuna yawan tsabtatacciyar iskar da na'ura ke fitarwa. Lissafin ba shi da wuya. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 4 da tsayin mita 3 yana ɗauke da iska mita kubik 48. Domin a tace iskarsa sau 5 a awa, wanda shi ne mizanin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawara a 2023, ana buƙatar CADR na mita kubik 240 a awa. Falo mai ninki biyu na wannan girma yana buƙatar 480. Na'urorin Amurka suna rubuta lambar da ƙafa kubik a minti. A ninka ta da 1.7 a samu mita kubik a awa.

Wani abu da kwali ba ya faɗa da babban rubutu: ana auna CADR ne lokacin da fanka ke gudun ƙarshe, kuma a wannan gudun ƙararta na hana barci. Da dare kowa rage ta yake yi. Don haka gara a sayi wadda ta ɗan fi ƙarfin ɗakin a riƙa kunna ta a matsakaicin gudu. In kuɗi na na'ura ɗaya ne kawai, ɗakin kwanan mara lafiya ya fi falon baƙi cancanta, domin a nan yake yin awa takwas ko fiye a jere. Kuma kafin a kashe ko dala, a toshe kafofi: tsumma a ƙasan ƙofa, roba a gefen taga, a rufe ramin da mai saka kilim ya fasa a bango ya tafi ya bari. A maye gurbin tsintsiya da jiƙaƙƙen tsumma, domin busasshiyar shara tana maida ƙurar cikin iska ne kawai.

Ga masu aikowa daga waje

Kuskure mafi tsada yana faruwa ne tun a shagon ƙasar waje. Wutar Nijar bolt 220 ce. Na'urorin da ake sayarwa a Amurka da Kanada yawanci na bolt 120 ne. In aka jona su kai tsaye a Yamai, ƙonewa za su yi nan take, sai dai in an haɗo da tiransifoma ko an ga an rubuta 100 zuwa 240 a jikinsu. Kayan Faransa, Beljiyam, Jamus ko Dubai ba su da wannan matsala.

Na biyu shi ne matatar canji. Kamfanoni kan ce tana yin wata 6 zuwa shekara guda, amma da iskar biranen Turai suka yi lissafin. A Damagaram hunturu guda na iya cika ta. Ba a wanke HEPA da ruwa, wanki yana lalata zaren. Kowane kamfani kuma da siffar matatarsa, ta wani ba ta shiga ta wani, kuma ba lallai a same ta a kasuwar Katako ko Kasuwar Dole ba. Mai aiko na'ura ya haɗo da matata biyu ko uku a cikin kwalin, ya kuma zaɓi wadda ke da raga ta farko da ake cirewa a wanke, domin ita ke tare manyan ƙura ta tsawaita ran ta ciki. In ba haka ba, bayan shekara akwatin zai koma teburin ajiye waya.

Ta fuskar wuta, labarin mai daɗi ne. Matsakaiciyar na'ura tana cin wat 30 zuwa 60. Mai wat 40 da ta kwana awa 10 tana aiki ta ci abin da kilim mai wat 1000 ke ci cikin minti 24. Wannan na da muhimmanci a ƙasar da ta ga yadda wuta ke zama, musamman tun watan Agustan 2023 da Najeriya ta katse layin da ke kawo wa Nijar kaso mafi yawa na lantarkinta, kafin a maido shi a 2024. Ƙaramin farantin sola da batir suna iya riƙe na'urar tace iska dare guda, abin da ba za su iya yi wa kilim ba.

A yi hattara da na'urorin da ake tallata su da cewa ba su buƙatar matata, suna kashe ƙwayoyin cuta da wani “iskar tsarki”. Wasunsu ozon suke fitarwa, gas ne da ke ƙona hanyoyin numfashi ya tada asma. Jihar Kaliforniya ta Amurka ta kafa doka a kan yawan ozon da irin waɗannan na'urori za su iya fitarwa. In na'ura ta zo da maɓallin ayon a matsayin ƙari, ana iya barinsa a kashe.

Masu ƙaramin ƙarfi ma suna da mafita. A 2020, lokacin korona, wani malamin jami'a a Amurka, Richard Corsi, da wani mai kamfanin matatu, Jim Rosenthal, sun yaɗa wata dabara: a haɗa matatu huɗu masu MERV 13 su zama bangon akwati, a ɗora fanka mai kusurwa huɗu a sama, a liƙe da salatif, a rufe ƙasa da kwali. Gwaje-gwaje sun nuna tana fitar da tsabtatacciyar iska da ta kai ko ta fi ta na'urori masu tsada da yawa. Fanka da kwali ba su gagari kowa ba a Maraɗi. Matatun ne sai an aiko, kuma ba su da nauyi.

Abin da matata ba ta iyawa

Nijar na tsakiyar yankin da sanƙarau ke addaba, daga Senegal zuwa Habasha, kuma annobar takan zo ne a lokacin rani da ƙura, sa'ad da busasshiyar iska ke raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro. A 2015 cutar ta kama mutane sama da 8000 a ƙasar, ta kashe fiye da 500, Yamai na cikin wuraren da ta fi shafa. Daga mutum zuwa mutum take yaɗuwa, kuma allurar rigakafi ce kariyarta. Na'urar tace iska ba ta tsaya a madadinta ba.

HEPA tana kama hayaƙin turaren wuta, na maganin sauro na kunnawa da na itacen girki, amma gas ba ya tsaya mata. A daren sanyin Disamba da Janairu, gidaje da yawa kan shigar da kaskon gawayi cikin ɗaki su rufe ƙofa. Gawayi na fitar da gas mai guba wanda ba shi da launi ba shi da wari, janareton da aka kunna kusa da taga ma haka. Yana sa ciwon kai da jiri, mutum ya yi barcin da ba ya farkawa. Babu matatar gida da ke riƙe shi, ko mai baƙin gawayin da ake sakawa don ɗauke wari. Ɗakin da aka toshe kafofinsa saboda ƙura kuma ya fi kowane ɗaki saurin tara wannan gas, don haka duk gidan da ya toshe ƙofa da taga, kasko ya kwana a tsakar gida.