Talifin Faifan DVD da Zaɓen Manhajar da Za Ta Yi Shi

A shekarar da 'yar ƙanena ta sauke Alƙur'ani mai girma, aka yi walima, malamai suka hallara, yarinya ta ɗauki allonta na zayyana ta karanta a gaban jama'a, wani saurayi na gidan kuma ya ɗauki al'amarin duka da wayarsa tun daga Fatihar buɗewa har watsewar taro, sai na ƙudura a raina cewa lalle in kai wa gwaggonmu hoton wannan rana har ɗakinta a ƙauye, domin tsufa ya hana ta zuwa, alhali kuwa ita ce ta fara kama hannun yarinyar ta kai ta makarantar allo. Na sayi sabon faifai, na kwashe hoton daga waya zuwa kwamfuta, daga kwamfuta na ɗora shi a faifan, na gwada a kwamfutar ya fito tangaram, na hau mota. Da na isa aka tayar da janareta, matan gida da yara suka cika ɗaki, aka sa faifai. Na'ura ta yi ta gurnani tana juya shi, daga bisani ta rubuta cewa ba ta gane abin da aka ba ta ba. Gwaggo ta dube ni ta ce, "To ɗan nan, ko shi ma faifan kunyar jama'a yake ji?" Aka yi dariya, aka kashe janareta saboda mai.

Da na komo birni na kai ƙarar faifan wurin wani yaro mai shagon haɗa bidiyon biki, ya duba cikinsa, ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai ba DVD ka yi ba, ajiya ka yi a kan faifan DVD." Wannan magana, duk da gajartarta, ita ce asalin mas'alar, kuma wanda ya fahimce ta ya riga ya yi rabin zaɓen manhaja.

Masu mu'amala da littattafan hannu na malamanmu na dā sun san cewa ba a ɗinke su, warƙa-warƙa suke a tsakanin tadarishi, a zura su cikin gafaka. Abin da ke riƙe da tsarinsu shi ne kalma guda da mai kwafi yakan rubuta a ƙasan shafi, wadda ita ce kalmar farko ta shafin da ke biye, ta yadda ko iska ta watsa takardun, almajiri zai iya mayar da kowace mazauninta. Faifan DVD na haƙiƙa haka yake. A cikinsa akwai wata jaka mai suna VIDEO_TS, a cikinta kuma hoto da sauti suna yanke gunduwa-gunduwa a fayiloli masu laƙabin VOB, ba wanda ya wuce gigabait ɗaya. Tare da su akwai wasu ƙanana masu laƙabin IFO, waɗanda su ne ke gaya wa na'ura inda kowane babi ya fara da abin da ke bin sa, sai kuma BUP, kwafinsu ke nan da aka ajiye don gudun lalacewa. Shirya wannan tsari, tare da fihirisar da ke bayyana a farko domin mai kallo ya zaɓa da rimot, shi nake kira talifin faifai. Ni kuwa takarda ɗaya na jefa a gafaka, ba babi ba fasali. Gaskiya ne akwai na'urori na baya-bayan nan da ke karanta irin wannan ajiya, shi ya sa wasu ke zaton duk abu ɗaya ne, amma ta gwaggo ba ta cikinsu, kuma mai yin faifai ba ya sanin gidan da zai kwana.

An fara sayar da na'urorin DVD a Japan a ƙarshen 1996, a Amurka kuma a 1997, kuma ƙa'idar da aka shimfiɗa a lokacin ita ce har yau: hoto a salon matsewa da ake kira MPEG-2, faifai mai hawa ɗaya yana cin gigabait 4.7, mai hawa biyu 8.5, babi har 99 a kowane shiri, muryoyi har 8, rubutun fassara har 32. Mutanen Kano sun ga wannan tafiya da idanunsu, tun daga kaset ɗin bidiyo na zamanin fim ɗin Turmin Danya a 1990, zuwa faifan VCD, zuwa DVD da ya cika rumfunan Ƙofar Wambai. Da kasuwar ta fara ja baya a duniya, manyan kamfanoni suka nannaɗe tabarmarsu: Apple ya bar DVD Studio Pro a 2011, Adobe bai sake fitar da Encore ba bayan na 2012, Microsoft kuma, wanda ya sa Windows DVD Maker a cikin Vista da Windows 7, ya cire shi daga Windows 8. Daga nan ake samun wata fa'ida da mutane kan gafala da ita, wato tunda ƙa'idar ba ta sāke ba, tsufan manhaja ba aibi ba ne ta wajen abin da take fitarwa. Inda tsufa ke cutar da ita shi ne wajen abin da ake ba ta, domin wayoyin yau suna ɗaukar hoto a salon da ba a san shi ba sa'ad da aka rubuta ta. Saboda haka tambayar farko ga kowace manhaja ita ce, shin tana buɗe hoton da ke hannunka, da sautinsa, ba tare da gardama ba?

Aikin kuwa hawa uku ne, sauya hoto zuwa MPEG-2, da tsara babi da fihirisa, da buga faifai, kuma ko da yake idon mai saye yakan tafi ga na biyu saboda furanni da labulen da ake yi wa fihirisa ado da su, na farko shi ne ke yanke hukunci a kan kyan abin da za a gani. Lissafin ba shi da wuya. Gigabait 4.7 daidai yake da megabit 37,600. In ka raba shi da daƙiƙoƙi 3,600 na sa'a guda, za ka sami kusan megabit goma a kowace daƙiƙa, wanda shi ne iyakar abin da ƙa'idar ta yarda da shi. Ke nan sa'a ɗaya ce ke shiga faifai da cikakken kyau, sa'a biyu su shiga da wajen megabit biyar, wanda ba laifi, amma wanda ya nace sai an cusa masa kamu da ɗaurin aure da yinin biki da buɗar kai, sa'a huɗu cur, a faifai guda domin tsimin kuɗin na biyu, to ya sani rabon kowace daƙiƙa ya koma ƙasa da uku, kuma da zarar mata sun tashi rawa, atamfa da leshi za su farfashe su zama dabbare-dabbare. Manhaja ta ƙwarai takan yi wannan lissafi da kanta ta nuna maka, takan kuma ba da damar bin hoton sau biyu, karo na farko ta auna inda motsi ya yi yawa, na biyu ta raba abin da ke akwai bisa adalci, ta rage wa liman da ke zaune yana huɗuba, ta ƙara wa masu kilisa. Wannan yana cin lokaci ninki biyu, kuma a garin da wuta ba ta da alkawari abin dubawa ne, amma ni dai ban taɓa yin nadamarsa ba. (Kada kuma ka firgita in kwamfuta ta nuna maka 4.38 maimakon 4.7, bambancin mudun awo ne kawai, ba a cuce ka ba.)

Sai mas'alar tsarin talabijin. Nijeriya da Gana suna kan PAL, wato ɗigo 720 a faɗi, 576 a tsaye, hoto 25 a daƙiƙa. Amurka da Japan suna kan NTSC, 720 da 480, hoto kusan 30. Nijar da Chadi sun gaji SECAM daga Faransa a tashoshinsu, amma faifan DVD bai san SECAM ba, na PAL ake yi musu. Manhajoji da yawa suna zuwa ne a saite kan NTSC, sai mutum ya juya da hannunsa, kuma wanda zai aika wa ɗan'uwa a Amurka ya yi masa nasa dabam, domin na'urorin can sau da yawa ba sa karɓar PAL. Haka nan a lura da siffar allo, ko 4:3 ta tsohuwar talabijin ko 16:9 mai faɗi. In an yi kuskure a nan sai ka ga fuskar ango ta miƙe kamar taɓarya, ko amarya ta baje kamar faifan tuwo. Hoton da aka ɗauka da waya a tsaye kuwa, ba manhajar da za ta yi masa magani, sai dai ya zauna a tsakiya da baƙin fili dama da hagu.

Game da sunaye, zan faɗi ra'ayina ba tare da kewaye-kewaye ba. Wanda bukatarsa ita ce faifai ɗaya ko biyu a shekara, na suna ko na walima, DVDStyler ya ishe shi: kyauta ne, yana aiki a Windows da Mac da Linux, yana barin mutum ya zana fihirisa yadda ya so, ya sa hoton da ya ga dama a bango, ya jera maɓallai, ya ƙara murya ta biyu ko fassara, illarsa dai yana bukatar haƙurin yini guda kafin hannu ya faɗa. DVD Flick ya fi shi sauƙi nesa, ja ka ajiye ka danna, sai dai tun 2009 ba a sabunta shi ba, fihirisarsa 'yan ƙalilan ne, kuma yakan yi tuntuɓe da hoton sababbin wayoyi. AVStoDVD, shi ma na kyauta, fuskarsa ba ta da fara'a, amma masu kula da kyan hoto suna girmama shi saboda yadda yake sauyawa. Masu Linux suna da DeVeDe. Amma wanda wannan ita ce sana'arsa, kullum yana fitar da faifan biki ko na tafsirin azumi, ya kamata ya sa kuɗi, domin lokacinsa dukiya ne. Nero na Jamus sananne ne a shagunanmu tun zamanin CD, ConvertXtoDVD na Faransa yana da sauri da sauƙin hali, TMPGEnc Authoring Works na kamfanin Pegasys a Japan kuwa yana da wata falala da nake ganin ta fi ado duka, wato in hoton da ka ba shi ya riga ya dace da ƙa'ida, ba ya sake matse shi sai wuraren da ka yanka, kuma duk matsewa ta biyu hasara ce, kamar kwafin da aka yi daga kwafi.

Akwai wani gwaji da ba za ka same shi a bayanin kowane kamfani ba, domin mu ya shafa. Kafin ka amince da manhaja, rubuta mata ɓ da ɗ da ƙ a fihirisa, ka ga abin da za ta yi. Rubutun da ke kan faifan DVD, na fihirisa da na fassara, hoto ne aka zana, saboda haka na'urar kallo ba ruwanta da harshe, duk abin da aka zana mata za ta nuna. Matsalar tana wurin manhajar da zanen haruffan da aka zaɓa. Wasu tsofaffi sukan mayar da haruffanmu masu lanƙwasa alamar tambaya ko ɗan akwati, sai "Ɗaurin Aure" ya fito ba kai, wanda kuma ya gaji ya cire lanƙwasar ya rubuta "kafa" a inda yake nufin "ƙafa" ya sauya magana. Larabci da ajami sun fi shan wahala, domin akwai manhajar da ke rarraba haruffan ko ta jero su daga hagu, abin da bai dace a yi wa sunan sura ba. Dabarar ita ce a rubuta a wani wuri, a mayar da shi hoto, a shigo da shi bangon fihirisa, a kuma nisantar da shi daga gefe, saboda tsohuwar talabijin takan cinye bakin hoto.

Hattara da masu cewa kyauta ne alhali sai ka gama wahala su buga tambarinsu a tsakiyar hoto, da waɗanda ke shigo da baƙin manhajoji a ɓoye lokacin girkawa, da kuma kwafin sata da ake fasa wa makulli, wanda ban da haƙƙin masu shi da ke wuyan mai amfani, sau da yawa da ƙwayar cuta yake tafe.

Hawa na uku, wato bugawa, na fi son a raba shi da sauran. A sa manhaja ta fitar da aikin a matsayin fayil guda na ISO, a kalle shi a kwamfuta daga farko har ƙarshe, ana lura ko sauti yana tafiya daidai da leɓe, musamman can wajen ƙarshe inda saɓanin yakan taru in hoton na waya ne. Sa'an nan a buga da ImgBurn, wanda kyauta ne kuma yana komawa ya gwada abin da ya rubuta da asali, kamar yadda ake muƙabalar littafi bayan an kwafe. A buga a hankali, kada a bi iyakar gudun da aka rubuta a jikin faifai. DVD-R ya girmi DVD+R, tsofaffin na'urori kuma sun fi sabawa da shi. Asalin hoton kuwa a adana shi a wani wuri, domin waya tana ɗaukar 1920 da 1080, faifai kuwa ya rage shi zuwa 720 da 576, ga shi kuma faifan da aka buga a gida rini ne a cikinsa, rana da zafi suna cin sa.

Ni dai da DVDStyler na sake nawa, yaron nan mai shagon bidiyo yana tsaye a kaina yana cewa, "A'a Baba, PAL za ka danna." Na yanka shi babi biyar, na sa hoton allon zayyana a fihirisa, na fara gwadawa a faifan da ake gogewa, a wata tsohuwar na'ura da maƙwabcina ya jingine a kan kabad, sa'an nan na buga na gaske guda biyu. Ranar Juma'a na koma ƙauye. Aka tayar da janareta, fihirisa ta fito, jikan gwaggo ya karɓi rimot. Ba ta bari an kalli zuwan baƙi ko rabon abinci ba. Babi na uku ta ce a sa mata, inda yarinyar ke karatu, da ya ƙare ta ce a mayar, aka mayar har sau huɗu, tana bin karatun da leɓɓanta, carbi a hannu, har mai ya ƙare.