Azurfar Zubi da Darajarta Ranar Sayarwa



Abin da ya jawo wannan lacca shi ne wata tambaya da wani abokin aikina ya yi mini a nan Birnin Kebbi. Mahaifiyarsu ta rasu, ta bar mundaye da zobba na azurfa, magada suka kai wa maƙeri ya narke su, ya zuba sanduna huɗu don rabo ya yi sauƙi. Da ɗaya daga cikinsu ya matsu ya kai tasa kasuwa, kuɗin da aka taya bai kai kashi biyu bisa uku na abin da yake tsammani ba. Shi ne yake tambaya, cutarsa aka yi ko kuwa haka abin yake? Ga shi kuma yau ma'aikata da dama, ganin yadda naira ke zubewa, sun fara tunanin tara irin wannan azurfa ta zubin hannu a matsayin ajiya. Ba a ga laifinsu ba, domin a 1973 da aka fito da naira ta fi dalar Amurka daraja, amma a 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Saboda haka ya kamata mu san abin da mai saye yake biya wa kuɗi idan an miƙa masa sandar azurfa.

Inda azurfarmu ta fito

Da farko dai ƙasar Kabi ba ta haƙar azurfa. Zinariya ce ake samu a wajejen Yawuri. Azurfar da kakanninmu suka yi ado da ita a matsayin kuɗi ta shigo, a jakunkunan fatake, ta hanyar Hamada da kuma ta bakin teku, ta bi kasuwanni irin su Kano da Jega. Mafi shahara ita ce liyari, watau dalar Mariya Tareza ta ƙasar Ostiriya. Sarauniyar ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da hotonta da wannan shekara ɗin. Nauyin kowane liyari giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kuma cikin kashi 1,000 na jikinsa 833 azurfa ce, sauran jan ƙarfe. Baturen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya ratsa Gwandu da Birnin Kebbi a 1853, ya tarar a Kano a 1851 ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500.

Me ya sa Bahaushe da Buzu da Balarabe suka amince da liyari alhali ba su san ƙasar da ake buga shi ba? Dalili shi ne ba ya canzawa. Hatimin da ke jikinsa shaida ne a kan nauyinsa da tsarkinsa, mai karɓa ba ya bukatar sikeli ko wuta. Ina roƙon a riƙe wannan batu na shaida, domin a kansa duk laccar nan take tafiya.

Da Turawa suka zo sai aka sami wata sabuwar hanya. An kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, ta fito da sule da sisi da taro da fataka na azurfa a 1913, masu tsarki 925 cikin 1,000. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, daga 1920 aka koma buga su da gaurayen tagulla. A can Ingila ma a 1920 aka rage azurfar sule zuwa rabi, a 1947 aka cire ta ɗungum. To, duk waɗannan kuɗaɗe sun shiga kaskon maƙeran fari, aka yi mundaye da awarwaro da zobba da kayan doki da su. Ma'anar wannan ita ce tsohuwar munduwa tana iya zama 925, ko 833, ko 500, ko ƙasa da haka in maƙeri ya ƙara jan ƙarfe. Idan aka haɗa su aka narke, ko shi maƙerin bai san abin da ya zuba ba.

Yadda ake zubi

Aikin kansa ba boyayye ba ne, duk wanda ya zauna a maƙera ya gan shi. Azurfa tsantsa tana narkewa a zafin digiri 962, gaurayayya kuwa ba ta kai haka ba, don haka gawayi da zugazugi sun isa. Maƙeri zai zuba guntayen a ɗan kasko, ya hura har su zama ruwa, ya kwashe dattin da ya taso, ya kama kaskon da awartaki ya tuttula a cikin ramin zubi da aka ɗumama. In ta huce sai a goge. Kowace sanda da kamanninta: wata da ƙwarmi a baya, wata da layi-layi kamar sawun ruwa a kan yashi. Narkakkiyar azurfa tana shan iska, in ta zo daskarewa ta fesar, shi ya sa ake ganin ƙuraje a fuskar wasu. Har wa yau kowane narki yana cin wani abu, a jikin kasko da wajen goge.

A Amurka da Turai akwai masu yin irin wannan zubi a gida don sha'awa. Sukan sayi tatacciyar azurfa mai tsarki 999, su zuba, su buga tambarinsu da nauyi, masu tarawa su saya da tsada saboda babu biyu iri ɗaya. Tsofaffin sandunan kamfanoni irin su Engelhard da Johnson Matthey, masu lamba a jiki, har sukan wuce kuɗin azurfarsu nesa ba kusa ba. Amma a lura, wannan ƙari sunan kamfanin ne ya jawo shi, da kuma tarin masu nema. Sandar da ba a san mai zubinta ba, ko a can ɗin, in ta je hannun ɗan kasuwa kuɗin narki ake biya, wani lokaci ma a rage.

Abubuwa uku da ke cikin farashi

Idan mutum ya sayi sandar zubi, abu uku ya biya wa kuɗi: azurfar da ke ciki, ladan maƙeri, da ribar mai sayarwa. Ranar da zai sayar kuwa, na farkon kaɗai ake duba, shi ma sai an cire shakka.

Bari mu yi lissafi da adadi mai sauƙi, don misali kawai. A ƙaddara giram ɗaya na tsantsar azurfa naira 1,000 ne. Malam ya sayi sanda mai giram 100 a kan naira 130,000, watau 100,000 kuɗin ƙarfe, 30,000 aiki da riba. Bayan wata shida ya kai ta kasuwa, farashi bai motsa ba. Mai saye ba shi da hanyar sanin tsarkinta, don haka zai kare kansa, ya ɗauke ta a matsayin 800, ya zama naira 80,000. Sannan ya cire ushiri saboda asarar narki da ribarsa, saura 72,000. In da dillali, a fitar da la'ada. Kafin Malam ya mai da uwar kuɗinsa sai azurfa ta tashi da kusan kashi 80 cikin 100. Ba lallai ne a ce an cuce shi ba. Ya sayi abin da ba shi da shaida ne, kasuwa kuma ta caje shi kuɗin rashin shaidar.

Turawan Ingila sun gane wannan tun da daɗewa. A shekarar 1300 suka yi dokar cewa ba a sayar da kayan azurfa sai an gwada an buga hatimi. A babbar kasuwar Landan a yau, sandar da ake karɓa ba tare da gardama ba ita ce mai nauyin kusan oza 1,000, mai tsarki 999, ɗauke da tambarin matatar da aka yarda da ita. Oza ɗaya a awon azurfa giram 31.1 ce. Daga wannan kasuwa farashi yake gangarowa har ya iso teburin ɗan kasuwa a Kano ko Sakkwato.

Shi kansa farashin ba tsayayye ba ne. A watan Janairu 1980 oza ta kusa dala 50, saboda wasu attajirai 'yan'uwan juna na jihar Texas, 'yan gidan Hunt, sun yi ta saye suna ɓoyewa. Kafin ƙarshen Maris ta faɗo kusan dala 11. Ba ta sake kusantar 50 ba sai a Afrilu 2011, ta sake zubewa, sai a Oktoba 2025 ta haura. Wanda ya saya a ƙololuwar 1980 ya jira shekara 31 kafin ya sake ganin farashinsa. Ma'aikacin da zai biya kuɗin makaranta a watan Satumba ba shi da wannan haƙurin.

Gwaji kafin saye

Akwai gwaje-gwaje da kowa zai iya yi. Na ɗaya maganaɗisu: azurfa ba ta kama shi, amma tagulla da dalma ma ba sa kamawa, don haka ƙarafa irin su baƙin ƙarfe kawai yake tonawa. Na biyu awo cikin ruwa, wanda ɗaliban kimiyya suka sani. Giram 100 na tsantsar azurfa yana ɗaga ruwa mililita 9.5, na jan ƙarfe kuwa 11.2. Sai dai mai algus yana iya haɗa dalma, wadda ta fi azurfa nauyi, da jan ƙarfe, wanda bai kai ta ba, awon ya fito daidai. Na uku a kankare gefe da zarto a ɗiga ruwan asid na gwaji: azurfa mai kyau takan yi fari kamar madara, mai yawan jan ƙarfe ta yi kore. Dole a kankare da zurfi, domin ana yi wa tagulla rufin azurfa. Akwai kuma farin ƙarfen da ake kira azurfar Jamus, wanda ko ƙwayar azurfa babu a cikinsa, jan ƙarfe ne da nikel da zinki. Gwaji ɗaya bai isa ba, sai an haɗa.

Hakkin addini da na tarihi

Mai tara azurfa ya san cewa nisabinta dirhami 200 ne, kimanin giram 595. In ta kai haka, shekara ta zagayo, zakka ta wajaba, ɗaya bisa arba'in. A mazhabar Malikiyya kayan adon da mace take sawa ba a fitar musu da zakka, amma sandar ajiya ana fitarwa. Watau ranar da aka narke munduwa hukuncinta ya canza. Haka nan musayar azurfa da azurfa sai nauyi ya yi daidai, kuma hannu da hannu, don gudun riba.

Sa'an nan akwai abin da wuta take ci wanda sikeli ba ya nunawa. Wanda ya shiga Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, tsohuwar fadar sarakunan Kabi da aka mayar gidan tarihi a 1958, zai ga cewa darajar kayan da ke ciki ba ta ƙarfensu ba ce, ta waɗanda suka riƙe su ce. Munduwar da aka san maƙerinta da matar da ta sa ta ranar aurenta tana da tarihi, zanen jikinta ma shaida ne ga wanda ya san hannun maƙeran garin. Liyari kuwa yana tafe da hatiminsa. Duk wanda ya narke ɗayansu ya ƙone shaida da hannunsa, ya koma neman wanda zai yarda da maganarsa. Mai niyyar fitar da tsofaffin kaya waje kuma ya tuna da dokar 1979 wadda ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba.

Kammalawa

Ga amsar da na ba abokin aikina. Kasuwa ba ta cuce su ba, asarar ta auku ne tun ranar da aka hura wuta. Da sun sa an kimanta mundayen an raba su yadda suke, da kowa ya fi samu.

Ga mai son tarawa kuwa, shawarata huɗu ce. Ya ware sha'awa daban, ajiya daban: in don kyau yake sayen zubin hannu, ya ɗauki ladan maƙeri a matsayin kuɗin da ya kashe. In don ajiya ne, ya nemi mai hatimin da aka sani, ya auna, ya karɓi rasit mai nuna nauyi da tsarki. Kafin ya biya, ya tambayi mai sayarwa nawa zai karɓe ta in an dawo da ita gobe, domin tazarar da ke tsakanin farashin biyu ita ce ainihin tsadarta. Kada kuma ya sa kuɗin da zai bukata cikin shekara.

Ga hukuma da manyan makarantunmu na Birnin Kebbi da Aliero, ina ganin akwai aikin yi. Ɗakin gwaji ɗaya, inda maƙeri zai kai aikinsa a auna a buga masa hatimi a kan kuɗi kaɗan, zai ɗaga darajar sana'ar maƙeran fari, ya kuma kare mata da magada daga tayin wulaƙanci. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, amma sai nagarin yana da mai shaidarsa.