Harajin Amurka: abin da ma'aurata masu tallafin karatu ya kamata su sani

Galibi, 15 ga Afrilu ita ce ranar ƙarshe ta miƙa takardar haraji ga hukumar IRS a Amurka. Ga ƴan Nijar da ke karatu can tare da iyali, daga New York zuwa Greensboro, tambaya biyu ce ke ɗaure kai: shin bursu ma ana biya masa haraji? Kuma miji da mata su cika takarda ɗaya ko kowa tasa?

Dokar ta raba bursu gida biyu. Ga mai neman digiri, abin da aka kashe a kuɗin makaranta, rajista da littattafan da aka wajabta ba shi da haraji. Na ɗaki, abinci da tafiya kuwa, kuɗin shiga ne. Misali, wanda ya samu dala 30,000, dala 20,000 suka tafi a kuɗin makaranta, sauran 10,000 ne ake lissafawa. Ga baƙo mai biza F ko J, jami'a kan cire kashi 14 cikin 100 na wannan kason, wato dala 1,400, ta ba shi takarda 1042-S. Nijar ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, don haka babu sassauci ta wannan hanya.

Batun aure ya rataya ne kan matsayin zama. Ɗalibi mai biza F-1 galibi baƙo ne a idon IRS a shekaru biyar na farko: takardarsa 1040-NR ce, kuma ba a haɗa ta da ta mata. Matar da ta biyo shi da biza F-2, ko ba ta samu ko dala ɗaya ba, sai ta cika takarda 8843.

In ɗayansu ɗan ƙasa ne ko mai katin zama, suna iya zaɓar cika takarda ɗaya, wanda sau da yawa ke rage harajin. Sharaɗin shi ne su bayyana dukan abin da suke samu a duniya, har da kuɗin hayar gida a Maraɗi ko Damagaram.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne baƙo ya cika takardar mazauna ƙasa, 1040, ya karɓi rarar da ba haƙƙinsa ba. Gyaransa sai da takarda 1040-X, tare da mayar da kuɗin, wani lokaci har da ruwa. Kafin a sa hannu, gara a leƙa ofishin ɗalibai baƙi na jami'a.