Amaryar Wasiƙa: Bayani a kan Majigin The Harvey Girls

1. Asalin al'adar

A Turancin Amurka akwai laƙabin da a ke yi wa macen da ta yarda ta auri mutumin da ba ta taɓa gani ba, sai dai ta hanyar takarda. Ma'anarsa amaryar da aka yi odarta ta gidan waya. An aro shi ne daga cinikin da kamfanin Montgomery Ward ya soma a Chicago cikin 1872, inda manomi ya kan duba littafin kaya, ya aika da kuɗi, a aiko masa da tukunya ko garma. Laƙabin yana da ƙaiƙayi, gama ya jera mace cikin haja. Saboda haka a wannan takarda za a kira ta amaryar wasiƙa, tun da ya ke wasiƙa ce ginshiƙin al'amarin.

Dalilin wannan irin aure ƙarancin mata ne. Da aka ga zinariya a California cikin 1848, maza suka yi ta kwarara yamma, har ƙidayar 1850 ta nuna fiye da tara cikin goma na waɗanda aka ƙidaya a can maza ne. Waɗansu suka riƙa sa cigiya a jaridun gabas, waɗansu kuma suka yi wakili. A cikin 1864 wani mai suna Asa Mercer ya kawo 'yan mata daga Massachusetts zuwa Seattle, ya sāke kawo waɗansu cikin 1866.

2. Yadda labarin ya ke

Kamfanin MGM ne ya fitar da wannan majigi cikin 1946, George Sidney ya bi da shi, an kuwa ɗauko shi daga littafin da Samuel Hopkins Adams ya buga cikin 1942. Wasan soyayya ne na ban dariya, da waƙe-waƙe, har ɗaya daga cikin waƙoƙin ta ci lambar Oscar. Judy Garland ita ce ta fito a matsayin Susan Bradley, 'yar Ohio, wadda ta hau jirgin ƙasa za ta wani gari na ƙage mai suna Sandrock, don ta auri mutumin da wasiƙunsa suka ratsa zuciyarta.

A cikin jirgin ta gamu da 'yan matan da za su kama aiki a gidan abinci na Fred Harvey. Shi wannan mutum ba ƙage ba ne. Haifaffen Ingila ne, ya buɗe gidan abinci a tashar Topeka cikin 1876, daga baya ya jera irinsa a bakin hanyar jirgin Santa Fe. Tun daga 1883 ya soma ɗaukar 'yan mata don raba abinci, ya ba su masauki da albashi, da sharaɗin kamun kai.

Da Susan ta sauka, sai ta tarar da angon, H. H. Hartsey, dattijo ne makiyayi, maganarsa ba ta yi kama da wasiƙun ba ko kaɗan. Ashe Ned Trent, mai gidan giya na garin, shi ya rubuta masa su don raha. Nan take suka yarda su biyu a fasa auren. Ita ta shiga aikin gidan Harvey, ta yi ta gāba da Ned, har gābar ta juye ta zama so, aka ƙare da aurensu.

3. Wa ya yi maganar?

Abin da ya fi shafar mai nazarin harshe a nan shi ne, wane ne Susan ta yi wa alkawari? Masanin zaman jama'a Erving Goffman, cikin littafinsa na 1981, ya nuna cewa abin da a ke kira mai magana ba abu guda ba ne, ya kasu kashi uku. Akwai mai furta kalmomi, akwai mai tsara su, akwai kuma wanda nauyinsu ya ke bisa wuyansa. A hira ta baka, galibi mutum guda ne ya ke ɗauke da ukun, shi ya sa a kan ce labarin zuciya a tambayi fuska. Amma wasiƙa tana iya raba su, mai karatu kuwa ba shi da fuskar da zai tambaya.

To, a nan dariyar majigin ta ke. Ned ne ya tsara kalmomin, Hartsey ne ya ɗauki nauyinsu da sunansa. Susan ta so mai tsarawa, ta yi alkawari da mai suna. Ƙarshen labarin bai yi kome ba illa ya mai da abubuwan nan biyu cikin mutum guda, watau ya sa mai tsara kalmomin ya ɗauki nauyin abin da ya rubuta da wasa. Irin wannan dabara ta daɗe a wasan kwaikwayo, gama ita ce Edmond Rostand ya yi a Faransa cikin 1897 a wasansa na Cyrano, sai dai shi can da baƙin ciki ya ƙare.

Malamin da zai yi wa ɗalibai bayanin wannan ba ya bukatar nisa. A ƙasar Hausa an san mai rubuta wa jama'a wasiƙa a bakin gidan waya, wanda ya kan ƙawata gaisuwa fiye da yadda aka faɗa masa. An kuma san manzo da wakili a neman aure. Bambancin shi ne, a nan kowa ya san akwai na tsakani, kuma dangi su kan binciki asali da hali. Susan kuwa ba ta sani ba, ba ta kuma da mai bincika mata. Cinikin biri a sama ke nan.

4. Abin da dariya ta rufe

Lalle ne a lura da abubuwa biyu da majigin ya yi wa Susan gata da su. Na fari, angon mai sauƙin hali ne, ya sallame ta ba gardama. Na biyu, aiki yana jiranta a tasha, saboda haka tana da ikon cewa a'a. In aka cire waɗannan, ba sauran abin dariya, sai mace ita kaɗai a baƙuwar ƙasa ba kuɗin komawa. Abin da ya sami waɗansu matan Japan ke nan, waɗanda aka aurar ta hanyar hoto zuwa Hawaii a farkon ƙarni na 20, suka iske hoton na ƙuruciya ne.

Al'adar ba ta mutu ba, ta dai koma intanet. Ƙasar Filifin ta haramta dillancin irin wannan aure cikin 1990. Amurka kuma ta kafa doka, wadda aka sa wa hannu cikin 2006, ta tilasta wa dillalan aure su ba macen bayanin aure-auren mutumin da laifuffukansa, cikin harshenta, tun kafin su haɗa su. Watau dai dokar tana neman tabbatar da cewa wanda a ke ji cikin takarda shi ne wanda za a tarar a tasha.