Na'urar Da Ke Taimakon Zuciya Mai Nawa

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Wata 'yar wutar lantarki da zuciyar ke samarwa da kanta ita ce ke sa ta bugawa.

Wani lokaci hanyar wannan wuta takan lalace, musamman ga tsofaffi. Sai bugun ya sauka zuwa 40 ko ma 30. Jini ba zai isa ƙwaƙwalwa sosai ba. Mutum ya riƙa jin jiri da kasala da haki, har ya faɗi a some. Wasu sukan ɗauka farfaɗiya ce.

Akwai wata 'yar na'ura da ake sa wa masu irin wannan ciwo. Girmanta bai wuce na akwatin ashana ba. Likita yakan sa ta a ƙarƙashin fata, a saman ƙirji kusa da kafaɗa. Siririyar waya ke bin jijiyar jini daga na'urar zuwa cikin zuciya. Idan zuciya ta yi nawa, sai na'urar ta tura mata 'yar wuta, ita kuma ta buga.

An fara sa wa mutum irin wannan na'ura a ƙasar Suwidin a 1958. Sunansa Arne Larsson. An yi ta canja masa na'urar, ya rayu har 2001, yana da shekara 86. Na'urorin farko bugu iri ɗaya suke yi dare da rana. Na yanzu kuwa ana iya saita su gwargwadon bukatar mai ciwo.

Abu na farko da ake saitawa shi ne yawan bugu. Sau da yawa akan sa 60 a minti. Wasu na'urorin sukan ƙara sauri da kansu idan mutum yana tafiya ko aiki.

Na biyu shi ne ƙarfin wutar. Wannan kamar gishiri ne a miya. Idan ya yi kaɗan, zuciya ba za ta amsa ba. Idan ya yi yawa, batir zai ƙare da wuri.

Saitin ba ya bukatar sabuwar tiyata. Likita zai ɗora wani abu a kan ƙirji, ya karanta aikin na'urar a kwamfuta, ya gyara. Babu yanka, babu zafi.

Shi ya sa komawa asibiti a ranar da likita ya sa ya zama dole, ko da mutum yana jin garau. Batirin yakan yi shekara 5 zuwa 15, kuma a asibiti ake gane ya kusa ƙarewa. Mai na'urar ya riƙa yawo da katinsa na asibiti. Kada ya sa wayar salula a aljihun da ke kan na'urar. Idan jiri ko suma ya dawo, a kai shi asibiti nan take.