Ƙwallon Kwandon Mata: Kasuwa Ta Buɗe, Saura Rabon Riba

A shekarar 1997 da aka fara gasar ƙwallon kwando ta mata a Amurka, wadda ake kira WNBA, da ƙungiyoyi 8 kacal, mutane da yawa sun ɗauka abin ba zai yi ƙarko ba. Ba mu ga laifinsu ba, domin wata gasar ta mata da ta riga ta farawa, ABL, ta durƙushe a ƙarshen 1998 saboda rashin kuɗi. Ita ma WNBA ta daɗe tana rarrafe, hukumar gasar maza ta NBA na tallafe da ita. Har ƙungiyar Houston Comets, wadda ta cinye kofuna huɗu na farko a jere, rufe ta aka yi a 2008 don an rasa mai saye.

To, ku ji yadda farashi ya juya. A 2021 wani attajiri mai suna Mark Davis ya sayi ƙungiyar Las Vegas Aces a kan wajen dala miliyan 2. Dalar Amurka fa muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. A 2023 masu ƙungiyar Golden State sun amince su biya miliyan 50 don kawai a ba su izinin kafa ƙungiyar mata. Kafin Yunin 2025 ya ƙare, attajiran biranen Cleveland da Detroit da Philadelphia sun yarda da miliyan 250 kowannensu a kan wannan izini ɗaya.

Me ya kawo haka? Talabijin ne. Fim ko wasan kwaikwayo mutum na iya ajiye shi sai ya samu sukuni, ya kuma tsallake talla. Wasa kuwa a lokacin da ake buga shi ake kallonsa, dole mai kallo ya zauna tallar ta wuce ta gabansa, shi ya sa gidajen talabijin ke rububinsa. A watan Afrilun 2024 kusan mutum miliyan 19 suka kalli wasan ƙarshe na ɗalibai mata tsakanin jami'ar Iowa da ta South Carolina, na maza kuwa bai kai miliyan 15 ba. Ba a taɓa ganin haka ba. Bayan wata uku WNBA ta samu yarjejeniyar shekara 11 da kamfanonin Disney da Amazon da NBC a kan dala biliyan 2.2, wato miliyan 200 duk shekara, alhali a da wajen miliyan 60 take samu.

Yarinyar da ta fi jawo idon jama'a ita ce Caitlin Clark ta Iowa. Da ta shiga ƙungiyar Indiana Fever a 2024, wasu ƙungiyoyin sai da suka riƙa komawa manyan zaurukan wasa in za ta zo garinsu, don nasu ba sa ɗaukar jama'a. Amma albashinta na wannan shekara dala 76,535 ne. A kuɗin sefa ya haura miliyan 40, kuma mun san a nan wajenmu ba kuɗin rainawa ba ne. Sai dai Victor Wembanyama, ɗan Faransa da NBA ta ɗauka na farko a 2023, ya karɓi sama da dala miliyan 12 a shekararsa ta farko. Maza na kwasar kusan rabin abin da gasarsu ke samu, kason matan kuwa a wancan lokacin ana ƙiyasin bai kai ɗaya cikin goma ba. Kura da shan bugu ke nan, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ƙarancin albashi ne ya sa shekara da shekaru matan suka riƙa tafiya ci-rani Turkiyya da Sin da Rasha in an tashi daga gasar gida. A irin wannan tafiya aka kama Brittney Griner a Mosko a watan Fabrairun 2022, ba ta koma gida ba sai Disamba.

Su ma masu ƙungiyoyin suna da abin faɗa. Shugaban NBA Adam Silver ya ce a 2018 gasar matan na faɗuwar sama da dala miliyan 10 duk shekara tun kafuwarta, kuma NBA da wasu masu hannun jari suna da kasonsu a duk abin da ya shigo. Mun ji. Amma wanda ya ɗauki miliyan 250 ya sayi gurbi ai ba sadaka ya zo yi ba, riba ya hango. Ƴan wasan ma sun hango ta. A Oktoban 2024 ƙungiyarsu, ƙarƙashin Nneka Ogwumike wadda iyayenta ƴan Najeriya ne, ta janye daga yarjejeniyar albashi don a sake zama. A Janairun 2025 kuma biyu daga cikinsu, Napheesa Collier da Breanna Stewart, suka buɗe tasu gasar a Miami mai suna Unrivaled, inda ƴan wasan farko suka samu hannun jari ban da albashi.

Akwai masu tsoron cewa kasuwar duk a kan mutum ɗaya ta rataya. Shekarar 2025 ta ɗan kwantar musu da hankali: rauni ya hana Clark buga fiye da wasa 13, amma sabuwar ƙungiyar Golden State Valkyries ta sayar da tikitinta kaf a duk wasa 22 da ta yi a gida, mutum 18,064 kowane lokaci.

A nahiyarmu gwanintar akwai ta, kasuwar ce ba ta iso ba. Matan Najeriya, D'Tigress, sun ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, na ƙarshen a Abijan inda suka doke Mali. A wasannin Olamfik na Paris a 2024 su ne ƴan Afirka na farko, maza da mata, da suka shiga jerin takwas na ƙarshe. Amma kusan dukkansu a Turai da Amurka suke neman abincinsu. A 2021 sai da suka fito fili suna kukan alawus da ba a biya su ba, a 2022 kuma rikicin shugabanci ya sa gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin waje, gurbin da suka ci da guminsu na zuwa gasar duniya a Ostireliya aka miƙa wa Mali.