Ƙwai Mai Taushin Ɓawo da Abincin Kajin Gida a Ƙasar Kagoma

Idan kun shiga akurki da safe kuka tarar da ƙwai mai taushi kamar leda, ko mai ɓawon da ke fashewa da an taɓa shi, kada ku yi gaggawar sayen magani. Galibi matsalar tana cikin kwanon abinci.

Kaza tana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ta haɗa ƙwai guda, kuma kusan awa 20 daga ciki wajen gina ɓawo suke tafiya, akasari da dare. Ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam, don haka mai ƙwai tana bukatar kusan giram 4 a abincinta kullum. Masara, dawa da acca, waɗanda su ne tsabar da ake watsa wa kaji a gidajen Kagoma, kusan ba su da wannan sinadari. Kazar Hausa da ke yawo tana tsintar ƙwari da tsakuwa, kuma ƙwanta kaɗan ne, shi ya sa take jurewa. Amma kazar gidan gona, irin ShikaBrown ta cibiyar NAPRI da ke Shika, kusan kullum take ƙwai. In ba ta samu a abinci ba, daga ƙashinta za ta ɗiba, har ta kai ga gurguncewa.

Abincin masu ƙwai na buhu yana da furotin kashi 16 zuwa 17 cikin ɗari, da kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4. Kowace kaza tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, wato buhu mai kilo 25 zai kai kaji goma kimanin mako uku. Malamin gona ya fara da wannan lissafin. Duk gidan da buhu ke kai kaji goma wata biyu, to ana cakuɗa shi da dusa, kuma an raba kalsiyam ɗin kusan gida uku. A ganina wannan tsimi asara ce, domin ƙwan da ba zai jure kai shi kasuwar Kafanchan a kan babur ba, ba kuɗi ba ne.

Wanda ke haɗa abincinsa da masara da gasasshen waken soya ko ƙuli-ƙuli, sai ya ajiye ɓarzajjen dutsen laimiston ko ƙoƙon kawa, wanda ake samu a shagunan abincin kaji, a kwano dabam, musamman da yamma. Ɓarzajje ya fi gari, saboda yana daɗewa a ƙundu har cikin dare. Ƙonannen ƙashi ma yana taimakawa, haka ɓawon ƙwai idan an gasa an daka sosai, don kada kaji su koyi fasa ƙwai. Farar ƙasar shafe ɗaki kuwa tana ƙona baki da hanji, kada a ba su. A bar su su sha hantsi, domin rana ce ke sa jiki ya samar da bitamin D, wanda sai da shi kalsiyam ke shiga jini. A watan Maris da Afrilu haki saboda zafi yana rage kaurin ɓawo, sai a ƙara inuwa da ruwa mai sanyi.

Gwaiduwa biyu ko ɗan mitsitsin ƙwai daga budurwar kaza ba abin damuwa ba ne, zai daidaita. Gwaiduwa mai fari-fari kuma farar masara ce sanadi. Ganyen zogale zai gyara launin.

Inda ya kamata ku tsorata shi ne idan kaji da yawa sun rage ƙwai lokaci guda, ɓawo ya yamutse, farin ƙwai ya tsinke kamar ruwa, ga koren zawo, tari ko murɗewar wuya, musamman da hunturu. Wannan alamar cutar Niyukasil ce ko ta mashaƙon kaji, kuma ƙoƙon kawa ba zai yi maganinta ba. A ware marasa lafiya, a daina kai kaji kasuwa, a sanar da jami'in dabbobi na ƙaramar hukumar Jama'a. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom tana yin rigakafin Niyukasil, kuma masu lafiya ake ba shi, kafin sanyi ya shigo.